Durowar Motar Alhassan

Abin ya faro ne wata Laraba da yamma, cikin watan zafi, irin zafin nan na Minna da ke sa ƙadangare ya buɗe baki a jikin bango ya kasa rufewa. Rana ta yi ja, ta sauka bayan gidajen Barkin Sale. 'Yan acaɓa sun fara kunna fitilunsu. Sharifa tana tsugune a bakin murhu tana jiran ruwan tuwo ya tafasa, mijinta Alhassan kuwa yana gindin mangwaron tsakar gida, rabin jikinsa a cikin mota, rabi a waje, yana ta nishi kamar mai haƙar rijiya.

Sharifa ta ƙara tura itace a murhu. Shekara goma sha bakwai tana auren mutumin nan, ta san wannan nishin. Duk ranar da ta ji shi, to wani abu a gidan ya kusa mutuwa.

Alhassan dai atamfa yake sayarwa a kasuwa, kuma a nan ba a fi shi ba, a ba shi haƙƙinsa. Ciwonsa ɗaya ne. Kakansa ya zo Minna tun zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgi, ya yi aikin ƙarfe a reluwe har ya tsufa, shi ke nan sai jikan ya ɗauka ƙarfe a jininsa yake. Rediyo biyu sun mutu a hannunsa. Fankar ɗaki ta bi su. Keken ɗinkin Sharifa, wanda uwarta ta saya mata, yana nan a lungu an lulluɓe shi da zane kamar gawa. In ya kwance abu ya mayar, dole noti ya ragu, sai ya ɗaga shi ya duba, ya ce, "Almubazzarancin Turawa ne, dama ba shi da amfani."

Motar 'yar Kwatano ce, ruwan toka. Da ta zo, sanyin da take hurawa har maƙwabta kan shiga su zauna su sha. To kwana goma ke nan iskar ta ɗauke. Fanka na kuka a ciki, amma ko gashin kaza ba ta motsawa.

Bayan katangarsu akwai Kambai, bakanike, Kirista daga kudancin Kaduna, shekara ashirin yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Da ya ji labari ya ce a kawo masa ya duba. Alhassan ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Ku kanikawa me kuka sani ban da shafa baƙin mai a riga? Lokacin da kakana ke kwance kan jirgi, naka kakan bai taɓa ganin taya ba." Kambai ya yi dariya ya wuce. Amma mutumin kirki ne, yammar nan da ya ji ƙarar ƙarfe sai ya leƙo ta kan katanga.

"Baban Yasmin, fanka ɗin yana bayan durowa ne, wanda ake sa takardun mota a ciki. In ka cire noti, matse gefe biyu kawai, zai sauko da kansa. Kar ka sa masa ƙarfi."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Alhassan.

Noti bakwai ya kwance da sukudireba, ya jera su a kan murfin samira. Durowa ta ƙi fita. Gefen da aka ce ya matse bai matse ba, don ko za a yanka shi ba zai yi abin da Kambai ya faɗa ba. Ya je ya ɗauko wuƙar da Sharifa ke yanka albasa, ya cusa, ya danna. Ƙas! Durowa ta faɗo a cinyarsa, ƙafarta ɗaya ta roba a karye.

"Zo ki ga aiki," ya ce.

Sharifa ta zo da muciya a hannu, ta leƙa. Rami ne mai duhu, wayoyi sun sarƙe a ciki. Bakin da iska ke fitowa an toshe shi da audugar rimi, fara tas, an daddale ta kamar katifa. A kai kuma ga 'yan ƙyallayen atamfa, irin guntayen da ke zubewa in ya ɗauko kaya, an ninke kowanne gida huɗu, an jera. Wani ƙamshi na fitowa, ba na mota ba, kamar na ɗakin mai jego.

"Ɓera ne," in ji Alhassan.

"Maigida, ɓera ba ya ninke tsumma."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Duk 'yar da ta tashi a gaban uwa ta san ba a taɓa rami da magariba, ba a kuma zuba ruwan zafi ko'ina sai an yi bisimilla, don ba mu kaɗai ba ne a duniyar nan, kuma waɗancan ma suna da 'ya'ya. Sharifa ta ce, "Don Allah ka bari sai da safe. An kira salla."

Bai ko dube ta ba. Ya nufi murhu, ya kamfaci ruwan tuwonta da ke tafasa cikin kofin silba, ya dawo ya sheƙa a ramin. Ba bisimilla, ba a'uzu. Kai, ko da babu aljan ko ɗaya a duniya, wane mai hankali ne zai zuba tafasasshen ruwa a kan wayoyin mota? Amma fa jikan mai aikin reluwe ke nan.

Wani ɗan kuka ya fito, siriri, gajere, kamar jariri ya fara tsanyara aka toshe masa baki. Daga nan sai shiru. Kajin da ke hawa mangwaro suka yi tsit. Janaretan maƙwabta ya mutu.

Lokacin ne Yasmin ta shigo daga Islamiyya. Ita kaɗai Allah Ya ba su, shekararta sha biyar, yarinya mai surutu, wadda tun daga bakin layi ake jin dariyarta. Uban ya miƙa mata durowar ya ce ta kai ɗaki. Ta karɓa. Ta tsaya. Sharifa tana kallo hannun daman yarinyar ya dunƙule a hankali, yatsa bayan yatsa. Da Alhassan ya juya zai kwashe notinsa, murfin samira wayam.

Yarinya ba ta ci tuwo ba ran nan. Ta zauna a bakin gado da durowa a cinya, ta rungume ta, tana ɗan jijjigawa.

Alhamis da magariba, ladan na rufe baki, wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙwal. Ya gangaro a hankali, suna jin tafiyarsa a kan kwano, ya faɗi a gaban ƙafar Alhassan. Noti ne. Da ya ɗauka sai ya yar, don zafi ne da shi kamar an ciro daga garwashi.

"Kambai ne," ya ce. "Baƙin ciki yake yi."

Juma'a wani ya faɗo. Asabar wani. Kullum ɗaya, kullum a wannan lokacin da rana ta tafi duhu bai gama zuwa ba. Mota kuwa tun ran Laraba ta ƙi tashi, tana nan gindin mangwaro da raminta a buɗe. In Sharifa ta wuce da buta, sai ta ji wata murya can ciki, ƙasa-ƙasa, irin ta mace mai rarrashin yaron da ya ƙi barci. Ta daina bi ta wajen. Ta daina shanya a tsakar gida.

Yasmin ta daina magana. Aka kai ta asibiti, suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, suka yi allura, suka ba da magani. Hannu bai buɗe ba. Aka shafa man shanu, aka jiƙa da ruwan ɗumi, yana nan kamar dutse. Ran Lahadi Sharifa na canza mata riga sai ta ga bayanta ya yi bororo, tun daga kafaɗa har ƙugu, irin na ƙunar ruwan zafi, alhali ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka ba sauti, tana hura mata baki a wurin kamar lokacin tana jaririya.

Alhassan ya shigo ya duba hannun, ya karkata kai, ya fita. Sai ga shi da filaya.

Sharifa ta miƙe ta tare ƙofa. Shekara goma sha bakwai ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ran nan ma ba ta ɗaga ba.

"Wannan ba rediyo ba ce," ta ce. "In ka taɓa ta da ƙarfen nan, wallahi sai dai a fitar da gawa biyu daga gidan nan."

Ya koma da filayarsa yana gunaguni.

Ran Talata noti na shida ya faɗo. Yasmin ta ɗaga kai, karo na farko cikin kwana shida, ta dubi ubanta. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne. Da ta buɗe baki, muryar wata babbar mace ce, mai kauri, mai sanyi.

"Saura ɗaya. Gobe in tafi da ita."

Washegari Sharifa ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi, ta hau acaɓa, ta bi hanyar Bida har ta wuce Gidan Kwano, inda wani dattijo Banufe yake, Malam Ndagi, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ta same shi yana ba akuyarsa dusa. Ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta abu ɗaya: "Ya yi bisimilla?" Ta girgiza kai. Ya ɗauki carbinsa da 'yar jakarsa.

Sun iso rana ta fara ja. Malam ya leƙa ramin motar, ya daɗe yana kallo, bai taɓa ba. Alhassan ya matso yana bayani, wai fis ɗin wutar motar ne ya ƙone, shi ya riga ya gano. Malam ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Shimfiɗa tabarma."

Aka fito da Yasmin aka zaunar da ita a tsakar gida, durowa a cinyarta. Sharifa ta zauna a bayanta ta riƙe kafaɗunta, ta ji ƙasusuwan yarinyar a tafin hannunta. Aka yi salla. Malam ya ɗanɗaƙa ganyen magarya a ruwa, ya fara karatu, a hankali, ba gaggawa. Ya yi Ayatul Kursiyyu, ya yi Falaƙi da Nasi, ya koma, ya sake komawa. Iska ta tsaya. Ganyen mangwaro ko ɗaya ba ya motsi. Sai jikin yarinyar ya sandare, ta yi wata dariya da ta sa kaji suka faɗo daga reshe.

"Ya isa, Banufe. Kana ƙona ni a banza. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Sunana ya fi ƙarfin bakinku."

"Daga ina?"

"Madatsar ruwan Tagwai. Tsamiyar da ke bakin ruwa. Wancan," ta nuna Alhassan da haɓa, ko sunansa ba ta kira ba, "ya zo sayen kifi, ya ajiye mota a inuwata, ya bar ta tana hura sanyi yana can yana musu da masunta a kan yadda ake jefa taru. Ɗana kwanansa arba'in, ƙurajen zafi sun hana shi barci. Na ji sanyi, na shiga. Da sanyin ya yi masa yawa na toshe da auduga. Me na ci muku? Na taɓa muku takarda? Sau biyu wancan yana gyangyaɗi a kan hanya ina taɓa masa ƙafa ya farka. Sakayyata ke nan. Ya fasa mini ƙofa da wuƙar albasa, ya dafa mini ɗa."

Sharifa ta ji hawaye na zubo mata, kuma ba ta san ko na 'yarta ba ne ko na wancan jaririn.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma yarinya ba ta zuba ruwa ba."

"Ɗana ma bai toshe fanka ba."

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Bayansa ya saluɓe."

"To ki ji tsoron Wanda Ya bar miki shi. Ki sake ta."

"A yanka mini baƙin zakara a kan motar."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kin sani." Ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan magarya. Yarinyar ta gantsare, ta yi ƙara, har Sharifa ta kusa sakinta.

"Tsaya! Tsaya, na ce. To a mayar mini da ƙofata yadda take, noti bakwai cif. Ba zan ɗauki yaro mai ƙuna in ratsa gari da shi a sarari ba. A rufe mu, gobe da hantsi a kai mu inda aka ɗauko mu. Ƙofa na rufuwa, na bar muku 'yarku. In kuwa aka kira isha tana buɗe, to ku yi mata sallama."

Alhassan ya zabura, har da naɗe hannun riga. "Wannan ai minti biyar ne. Ina sukudirebana?"

"Kai!" Muryar ta daki katanga ta dawo. "Hannunka ba zai ƙara taɓa ƙofata ba. Na zauna da mutane tun kafin a kafa garin nan, na ga mugaye, na ga ɓarayi, ban taɓa ganin wanda bai iya ba kuma bai san bai iya ba kamarka. Kakanka na san shi. Kafin ya ɗora guduma a kan ƙarfe sai ya yi bisimilla, in abu ya gagare shi sai ya tambaya. Kai me ka gada? Baki. Kira mai baƙin mai a riga. Kuma ka faɗa masa da bakinka ba ka iya ba, ina ji."

Alhassan ya tsaya. Wallahi ya tsaya. 'Yarsa na zaune ƙashi da fata, duhu na sauka, shi yana tsaye yana auna girmansa. Sharifa ba ta roƙe shi ba. Ta ɗaga kai ta dube shi kawai, kuma abin da ya gani a idonta ya fi muryar aljanar ba shi tsoro. Ya ja ƙafa zuwa katanga.

"Kambai."

"Na'am, Baban Yasmin."

"Ka zo ka duba mini wani ɗan abu."

"Ba haka ba," in ji muryar daga tabarma.

"Kambai, na ɓata. Ban iya ba. Don Allah ka zo ka taimake ni."

Ashe mutumin yana tsaye a bayan katangar tun ɗazu da akwatin kayan aikinsa a hannu. Ya shigo, ya cire hula, ya gai da Malam. Da ya ga Yasmin sai ya ce, "Wayyo, 'yata." Ya durƙusa ya miƙa hannu biyu, yarinyar ta sakar masa durowar ba gardama. Ya je bakin mota, ya yi addu'arsa irin tasu a hankali, sannan ya ce da ramin, "Gafara dai, masu gida." Ya kama tocila da haƙori. Audugar da ta jiƙe bai yar ba, ya tura ta gefe guda inda ba za ta tare iska ba. Sharifa ta ruga ɗaki ta yanko sabon ƙyalle mai laushi daga zanenta, ta ninke gida huɗu, ta miƙa masa, ya shimfiɗa a kai. Ƙafar da ta karye ya huda ta da ƙusa mai zafi ya ɗaure da waya. Ya matse gefe biyu da tafin hannu, durowa ta shige kamar ana jiranta.

Noti shida ya ɗaura. Ya juyo. "Saura ɗaya fa."

Can wani masallaci mai nisa aka fara gwada lasifika. Sharifa ta kama dunƙulallen hannun nan da hannayenta biyu, ta sa bakinta a kai. Ba da Malam ta yi magana ba, ba kuma da 'yarta ba.

"Baiwar Allah, ni ma ita kaɗai gare ni. Ruwan tuwona ne, da na sani da na kifar da tukunyar. Ki yi haƙuri. Allah Ya ba ɗanki lafiya."

Sai yatsun suka fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka rufe. Noti na bakwai yana tsakiyar tafin, ya yi mata shaida ja.

"Ke kin san ɓera ba ya ninke tsumma," in ji muryar, ta yi laushi. "Don ke na bari."

Kambai ya ɗaura, ya tura durowa. Ƙyas. Yasmin ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Ladan ya ce Allahu Akbar. Janaretan maƙwabta ya tashi da kansa. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, da 'yar muryarta ta kullum, "Umma, yunwa nake ji. Me ya sa Baba Kambai yake kuka?"

Da hantsi Kambai ya busar da wayoyi, ya canza abin da ya ƙone, mota ta tashi. Shi ya tuƙa, Malam Ndagi a gefensa, mai motar a kujerar baya kamar kayan atamfa. A gindin tsamiyar Tagwai Malam ya yi bisimilla ya buɗe durowa. Ba su ga komai ba, sai ƙamshin nan na ɗakin jego da ya fita ya bi iska. Ƙunar bayan Yasmin ta bushe cikin kwana uku. Shaidar notin ce dai ba ta goge ba daga tafinta.

Sharifa ta zaɓi turmin atamfa mafi tsada a shagon mijinta, ta kai wa Elizabet matar Kambai, ba ta tambayi kowa ba. Keken ɗinkinta ma ta kai wa wanda ya iya.

Alhassan kuwa, kafin sati ya zagayo, yana kasuwa yana ba da labari wai fis ne, shi ya gano, Kambai ɗan riƙe masa tocila kawai ya yi. Amma in 'yan sanda suka tsayar da shi a hanya suka ce ya kawo takardu, sai ya ƙwanƙwasa durowa sau uku ya yi sallama kafin ya buɗe, su yi ta kallonsa.

Sukudirebansa ne har yau yake nema. Ya zazzage gidan kaf, ya zargi kowa, har ya fara cewa ko aljanar ce ta tafi da shi. Sharifa ba ta taɓa musa masa ba. Ita ta san zurfin rijiyar gidansu gaba goma sha biyu ne.